Allon da Ya Rusuna

A bayan tashar Jega shagona yake,
tsakanin mai faci da mai tuyar awara,
kujeru shida, fanka mai tari,
da janaretan da ba ya tashi sai an haɗa shi da Allah.

Shekara uku ina fama da allo miƙaƙƙe,
fuska a shimfiɗe kamar faifai.
Yara na buga ƙwallo suna leƙen kusurwa,
ɗan wasan gefe ya yi nisa ya dushe,
a zura musu ci, su zagi hannu, su zagi juna.

Sai na kwashe albasa buhu tara daga gonarmu,
na hau motar Kano da asuba,
na dawo da kwali a kan cinya,
ban yarda yaron mota ya taɓa shi ba.

Da na buɗe, Arzika ya tuntsire da dariya:
"An cuce ka, Lauwali! Zafin hanya ya tanƙwara shi."
Na ce zauna tukuna.
Ya zauna, ya ɗauki hannu.
Fili ya naɗo ta dama, ya naɗo ta hagu,
ya sa shi tsakiya kamar tuwo a akushi.
Wuyansa ya huta da waige-waige.
Bai ƙara cewa uffan ba har aka kira la'asar.

Hakilu kuwa, mai karatun lantarki,
lanƙwasa ba ta ɗaɗa shi da ƙasa ba,
shi ƙwayoyin haske yake ƙirgawa.
Ya ce hoto gari ne:
akwai tsaki, akwai wanda ya bi rariya.
A tsohon allo fuskar ɗan wasa tsaki ce,
lambar riga sai an kintata.
A nan kuwa ga zufa a goshi,
ga ciyawa ɗaya bayan ɗaya,
ga zaren raga na rawa bayan ƙwallo ta kwanta.
"Amma in injinka rago ne,
yawan ƙwaya kayan raƙumi ne a bayan jaki,
hoto zai riƙa ɗingishi."
Wannan maganar a aljihu na ji ta.

Musu ya kai mako.
Ni dai ina karɓar ɗari biyu-biyu,
ina ba kowa gaskiyarsa.

Ranar kasuwa Baba Nomau ya shigo,
mahaifina, da ya ci shekara arba'in a Yauri
yana sassaƙar kwalekwale,
har yana ta fara rufe masa ido.
Bai dubi fuskar allon ba,
bayansa ya shafa, a hankali, gefe zuwa gefe.
"Wanga wa yas sassaƙa shi?
Ya san aiki.
Ruwa ba ya son katako miƙaƙƙe.
Ashe ido ma haka."

Na sa masa tseren jirgin ruwa.
Ƙwayoyin Hakilu bai gan su ba,
yana ta riga ta cinye su tun bara,
amma kogin ya kewaye shi,
na ga kafaɗarsa na karkata a kowace kwana,
hannunsa na laluben sandar tuƙi a iska,
yara sun yi tsit, har mai awara ta leƙo.

Nan aka ɗauke wuta.

Gilashi ya yi baƙi, ya maido masa fuskarsa,
ya jima yana kallon tsohon da ke ciki.
Sannan ya miƙe, ya gyara hula.
"Nawa kas saye shi?"
Na raba kuɗin biyu, na faɗi rabi.
Ya kai bakin ƙofa bai juyo ba:
"Buhu tara, Lauwali.
Idona ya mutu, hannuna na ƙirga."